Ba Keke Ba, Ba Mashin Ba

Agege, Legas
Watan Maris

Hamma Bobboi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da 'yarka Rukayyat. Yaya gwiwa? Kada ka ce mini da sauƙi, na san halinka, ko ƙafar ce ta cire gaba ɗaya da sauƙi za ka ce. Ni lafiya lau, sai ciwon bayan zaman shago.

Tunda ka ce kai ba ka maganar kirki a waya sai a takarda, kamar mutanen da, to ga takarda. Babakura direban motar shanu zai kawo maka ita tare da wani babban kwali. Don Allah kada ka tsaya yi mini fulako a gabansa, ka karɓa kawai.

Keke ne, amma mai batir. A nan masu kai wa mutane abinci gida-gida shi suke hawa. Ba ya shan mai, ba ya ƙara, sai dai ka ga mutum ya wuce ka fuu. Tambayar farko da na yi wa mai sayarwa ita ce, wannan abu keke ne ko mashin? Don na san an hana mashin shiga cikin garin Mubi, kuma ban manta yadda hanin ya raba ka da acaɓa ba. Ya rantse mini keke ne, ya nuna mini feda da kaca, ya ce babu ruwansa da lamba ko lasin. Iri biyu ne a shagonsa, mai tafiyar hawainiya da mai gudu. Na ce a ba ni mai gudun, don tsohon ɗan acaɓa ba zai yafe mini ba in na aika masa abin da jaki zai wuce.

Rukayyat ta gaya mini abin da ka ɓoye. Ta ce bara rabin gonar Digil ka iya nomawa, saboda tafiyar da ke tsakanin bakin titi da gonar tana kumbura maka gwiwa. Ta ce kuma Baba Zira, wanda ya ara maka gonar, ya ce in bana ta sake zama haka zai karɓi abarsa. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Raina ya ɓaci ƙwarai da na ji, don na san tun rasuwar matarka Adda Hansai gonar nan ce take fitar da kai daga ɗaki.

Ka hau a hankali, tsoho. In ka faɗi, ba ni da wani ɗan Kawun da zan riƙa tsokana.

Taubashiyarka,
Juwairiya

*

Mubi
Watan Mayu

Juwairiya 'yar Goggo,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya fara sauka, gari ya yi sanyi. Gwiwa da sauƙi, kuma wannan karon da gaske nake. Allah ya ba ki lafiyar bayan nan naki, ki rage zama kina ƙirga kuɗin Yarabawa.

Saƙo ya iso. Na rasa bakin godiya, don haka ba zan yi ba, kada kanki ya kumbura. Amma Allah ya sani, ran da na fara murɗa totur na ji iska ta bugi fuskata, sai da hawaye ya zo mini. Na ce wa Rukayyat ƙwaro ne ya faɗa mini a ido.

Tafiyar da take cinye mini safiya, yanzu kafin shayi ya huce a cikina na isa. 'Yar hanyar nan da ta bi ta gefen mayo, wato rafi, wadda Keke Napep ba ya iya shiga, shi yana bin ta kamar akuya. Har gindin tsamiyar gonar yake kai ni. Aikin gona ba ya damun gwiwata, tafiya ce take kashe ni, ga shi kin ɗauke mini ita. Na share gonar kaf, har rabin da na bari bara. Baba Zira ya zo ya tsaya ya duba, ya ce, “Bobboi, bana ka zama mutum.” Masu shanun huɗa za su shiga mako mai zuwa, sai shuka.

Ranar farko masu tsaron shingen da ke bakin gari sun tare ni. Babbansu ya zagaya shi ya ce, “Baba, ina injin shi?” Na ce ba shi da inji. Ya ce, “To me yana tura shi?” Na ce ikon Allah da taubashiyata. Wani ya sunkuya ya juya feda da hannu, suka yi ta dariya, suka ce in wuce. Yanzu sun san ni sarai. In na taho daga nesa sai su ɗaga hannu, Baba mai keken aljanu ya iso.

Gyara ɗaya na yi masa. Kin san ƙafata ta hagu ba ta lanƙwasuwa, fedar nan kuwa ba ta bari in miƙe ta, kullum sai ta buge mini ƙauri, ga ta da kama bakin riga. Ba taka ta nake ba, to amfanin me? Na kai wa Vandi mai walda, ya cire ta da hannuwanta, ya liƙa mini ƙarafa biyu a gaba inda zan ɗora ƙafa in miƙe kamar hakimi. Fedar ma ba ta tashi a banza ba. Ta keken Rukayyat ta daɗe da karyewa, a kan tsinken ƙarfe take takawa har makarantar da take koyarwa a Mayo Bani, duk ya cinye mata takalma. Vandi ya ɗaura mata sabuwar, ta zauna daram. Kin ga da kyauta ɗaya kin tashi mutum biyu.

In masara ta yi, buhun farko naki ne, in ga yadda za ki ci ta da haƙoran nan naki na roba.

Ubangidanki,
Bobboi

*

Agege, Legas
Watan Yuli

Hamma Bobboi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai jiki lafiya, amma zuciya ba lafiya ba.

Na aika maka takarda a watan jiya, na cika ta da tsiya da tambayar shuka. Abin da Babakura ya kawo mini layi biyu ne: “Muna lafiya. Maganar keke a bar ta tukuna.” Ko sunana ba ka rubuta ba. Na karanta, na sake karantawa, na juya bayan takardar ko akwai saura. Na kira wayarka ba ka ɗauka. Na kira Rukayyat, ta ce Baba ya hana ta magana, ta fashe da kuka ta kashe.

Da na tsare Babakura, ya ce shi dai ya gan ka kusa da kasuwar shanu kana dogara sanda, babu keke, kuma da ka hango shi sai ka kau da kai.

Hamma, in sayar da shi ka yi, ka faɗa mini. Naka ne, na ba ka duniya da lahira, kuma na san matsi yana sa mutum yin abin da bai so ba. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ka mayar da ni baƙuwa. Ko wani ne ya ce maka abin kunya ne namiji ya hau abin da mace ta saya? In haka ne, ka gaya mini sunansa. Ni da kai a tabarma ɗaya Goggo da Kawu suka yaye mu, tun ba mu san kunya ba.

Ban tambaye ka godiya ba. Gonar nake tambaya. An yi shuka ko ba a yi ba?

Juwairiya

*

Mubi
Ƙarshen watan Yuli

Juwairiya,

Wa'alaikumus salam. Rukayyat lafiya. Ni gwiwa ta tashi, ba zan ce miki da sauƙi ba.

Takardarki ta ƙona ni. Ban sayar ba, kuma babu wanda ya isa ya zuga ni a kanki. Kunya ce ta rufe mini baki. Mutum ya yi maka irin wannan alheri, ka rasa abin a hannunka kafin a kai ko'ina, da wane baki za ka faɗa? Na yi ta cewa gobe za a ba ni, in rubuto miki kamar ba a yi komai ba. Goben ce ba ta zo ba.

An kama shi. Washegarin da aka gama huɗa na ɗauro irin masara a baya na nufi Digil. Da na iso shinge sai na tarar an canza mutanen, babu fuska ɗaya da na sani. Wani dogo ya ɗaga hannu, na ɗauka gaisuwa ce, na ɗaga masa nawa. Sai na ji an daka mini tsawa.

Ya ce, “Sauka. Ba ka san an hana mashin ba?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, keke ne. Waɗanda kuka canza sun san ni.”

Ya ce, “Ni ban san ka ba. Keke yana da feda. Ina feda?”

Na duba inda take a da, na ga ƙarafan Vandi. Na yi bayanin gwiwa, na ɗage wando na nuna masa tabon. Ya ce shi ba likita ba ne. Wani a cikinsu ya hau ya murɗa totur, ya bi titi ya wuce Keke Napep biyu kamar suna tsaye, ya dawo idonsa a waje yana cewa, “Oga, wannan ya fi mashin gudu ma.” Suka sauke mini irina a gefen titi, suka jefa keken a bayan mota.

Tun daga ranar nake yawon ofisoshi. Inda aka ajiye shi sun ce mashin ne, in kawo takardunsa. Na je inda ake yi wa mashin lamba, suka ce in kawo lambar inji. Na ce ba shi da inji. Suka ce to ba mashin ba ne, ba su da gurbin da za su rubuta shi. Na roƙi su rubuta mini hakan in kai, suka ce su ba sa ba da takardar abin da ba nasu ba. Na koma na faɗa, aka ce to ko na yi masa lamba ma, ai mashin ba ya shiga gari. Wani matashi a ofishin, mai kirki ne, ya buɗe wayarsa ya ce a ƙasashen waje da gudu ake rabewa, wanda bai wuce kaza ba keke, wanda ya wuce mashin. Na ce to a nan fa? Ya ce a nan ba a yanke ba tukuna, an kafa kwamiti, don ba nawa kaɗai aka kama ba. Na ce yaushe za su zauna? Ya ɗaga kafaɗa.

Na hango shi a bayan ofishin cikin mashinan da aka kama, babu rumfa, ruwa yana dukansa.

Kin tambayi shuka. Na gwada zuwa da ƙafa. Keke Napep ya sauke ni a bakin titi, na kama hanyar mayo da sanda da iri a kafaɗa. Ban kai rabi ba gwiwar ta ƙi. Na zauna a kan dutse ina hango kan tsamiyar, har wani mai amalanken shanu ya zo ya kwaso ni kamar buhu. Na yi kwanaki ban taka ƙasa ba. Rukayyat ta je ranar Asabar ta shuka gefen tsamiya, amma ita malama ce, sauran kwanaki na makaranta ne, ciyawa kuwa ba ta hutun mako. Kunyoyin da aka huɗa duk sun koma kore.

Baba Zira ya zo duba ni. Ya zauna ya ce, “Bobboi, ni ban kore ka ba. Amma ɗan ƙanina ya dawo gida, ba shi da wurin noma, kullum yana wucewa yana ganin ciyawa a gona na. Me zan gaya mishi? Masara ya wuce. Zan jira ka har lokacin wake. In wake ya wuce, ka yafe mini.”

Ban ga laifinsa ba. Haka aro yake a wurinsu, wanda ya riƙe gona ya noma ta, in ya kasa ya saki. Lokacin wake kuwa ya kusa. Ina jin tsoro, Juwairiya.

Bobboi

*

Agege, Legas
Watan Agusta

Hamma,

Assalamu alaikum. Allah ya ba ka lafiya, ya sassauta gwiwar nan. Ka yafe mini abin da na rubuta. Na zarge ka kana kwance, wallahi na kasa cin abinci ran da na karanta.

Na rufe shago na je wurin mai sayar da keken, na yi masa tas a gaban mutane. Da na ambaci feda sai ya dafe kai. Ya ce ai fedar nan ko a nan ba kowa ke taka ta ba, amma ba a cire ta, don ita ce shaidar keke. Na ce me ya hana ka faɗa tun farko? Ya ce bai taɓa tunanin wani zai cire ba. Ya ƙara da cewa su ma nan an fara maganar raba masu gudu da marasa gudu. Wannan bai gaya mini ba ran da yake karɓar kuɗina.

To ka ji. Ka karɓo fedar daga keken Rukayyat, ka ɗauki Vandi ku je can inda aka ajiye shi, ya yanke ƙarafansa ya mayar da ita a gabansu. In sun ga feda ba su da ta cewa. In an ba ka, ka ɗaure ƙauri da tsumma ka haƙura da bugun har a gama shukar wake. Ka yi sauri, don Allah. Ka gaishe mini da Baba Zira, ka ce 'yar Goggo tana roƙonsa ya ƙara haƙuri kaɗan.

Babakura ya ce motarsa tana ba shi wahala, amma ya yi alkawarin tashi jibi. Na so in kira ka in faɗa maka da baki, wayarka a kashe, ta Rukayyat ba ta shiga. Ka kunna wayar nan, Hamma, fulako ya isa haka.

Juwairiya

*

Mubi
Watan Nuwamba

Juwairiya 'yar Goggo,

Wa'alaikumus salam. Muna nan da rai. Rukayyat tana gaishe ki. Kumburin gwiwa ya sauka, ina zagaya tsakar gida ba sanda. Ruwa ya ɗauke, mutane suna ta girbi.

Takardarki ta yi kwanaki a hanya, motar Babakura ta lalace a wajen Lokoja. Kada ki ga laifinsa. Ko da ta iso da wuri babu abin da zai canza, don dabarar da kika kawo Rukayyat ta riga ki. Ita da kanta ta kwance fedar ta miƙo mini, ta koma bin motar kasuwa zuwa makaranta. Na ɗauki Vandi muka je, ya yanke ƙarafansa ya mayar da feda, ya juya ta a gabansu. Suka ce madalla, amma magana ta riga ta tafi gaban kwamiti, sai abin da suka yanke.

Ba su zauna ba sai bayan da aka gama shukar wake.

Ran da suka kira mu, mun kai mu goma, da masu shago da wani malamin asibiti. Shugaban ya karanta abin da suka tsayar. Duk wanda yake da feda, kuma gudunsa bai wuce abin da suka ƙayyade ba, keke ne, mai shi ya ɗauka ya tafi. Wanda ya wuce haka mashin ne, ko da feda ko babu. Aka kawo mai gwadawa. Mutum shida suka tura nasu suka fita suna murna. Nawa, duk da ruwan da ya sha, da aka yi masa caji aka ɗaga ƙafar baya aka murɗa, sai da allurar abin gwajin ta kai ƙarshe. Ban san lokacin da na ji wani alfahari ya taso mini ba, kamar uban da ɗansa ya ci tsere ranar da za a ɗaure shi.

Na san abin da za ki ce, kada ki ce shi. Da kin aiko mini mai tafiyar hawainiya, da na cika takarda da zaginki. Kin zaɓa mini abin da ni ma shi zan zaɓa.

Suka ba ni zaɓi. Ko in bar shi a wurinsu a matsayin mashin har ranar da za a ɗage hani, ko a cire batir a yanke waya in tafi da shi a matsayin keke. Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙafata ba ta taka feda, don haka aka saya mini shi.” Shugaban ya dube ni da tausayi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, “Baba, mun gane. Amma in mun buɗe maka, mun buɗe wa kowa.” Na ce a cire. Ban iya barin kyautarki tana ruɓewa a bayan ofis ba. A Keke Napep muka kawo shi gida. Rukayyat ta gwada takawa, ta kai bakin layi ta dawo tana haki, ta ce nauyinsa ya yi na ɗan maraƙi.

Gona ta tafi. Baba Zira ya jira har ya wuce ranar da ya faɗa, sannan ya ba ɗan ƙaninsa. Jiya ya zo da kansa, da ƙullin wake a bayan kekensa, ya ajiye a gabana ya kasa kallona. Ya ce, “Na gonar ne. Huɗan ka ne ya yi shi, yaron bai sake huɗa ba.” Na yi godiya, na raka shi ƙofa. Da na dawo na buɗe ƙullin, wake ne fari tas, manya-manya, irin wanda ban taɓa samu a gonar ba. Na zauna na yi kuka, Juwairiya, kuma ban ce wa kowa ƙwaro ne ba.

Na raba shi biyu, Babakura zai kawo miki rabi. Masara na yi miki alkawari, ki karɓi wannan a madadinta. A cikin ƙullin akwai abin cajin, ki ba wani a can, nan ba shi da abin da zai yi. Kada ki sake sayen komai, na roƙe ki. Ko kin aiko da wanda doka ta yarda da shi, ba ni da inda zan je da shi.

Na karanta takardar nan daga sama, na ga ban tsokane ki ko sau ɗaya ba. Ki yi mini haƙuri, bashi ne, in Allah ya dawo mini da bakina zan biya.

Yau da safe na sa Vandi ya sake kwance fedar ya mayar wa Rukayyat, don ita tana da wurin zuwa. Naki yana nan jingine a gindin mangwaro, ba batir, ba feda. Kowace safiya ina goge shi, sannan in zauna kusa da shi. Yanzu babu wanda zai kama shi.

Ɗan Kawunki,
Bobboi